Yadda Aka Yi wa Jirgin Kawu Kuɗi

Mu na Allah ne, babba da yaro, kuma wurinSa za mu koma. Kawuna, wan mahaifiyata, ya cika da hantsi a ɗakinsa a Toranke, a ƙarshen bazara, lokacin da hadari ke haɗuwa a gabas yana watsewa ba ruwa. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Ina rubuta wannan don kada a manta da shi, don kuma wani abu da ya biyo bayan rasuwarsa, wanda har yau nake juya shi a raina.

Kwana uku muna zaune a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa, na lura da wani abu. Dattijo zai zo da furfurarsa, ya durƙusa, a yi addu'a a shafa, ya ba da haƙuri. Sai ya ƙi tashi. Ya gyara zama, ya rage murya, ya ce, "Jirgin fa, yana nan?"

Wani mahauci daga Kademi, wanda ya girme ni, ya ce shi fuskar Kawu ma ba ta zauna masa sosai ba, ƙarar jirgin ce ta zauna. Ya ce shekarar da aka yi musu kaciya su tara ne a kwance a zaure ɗaya, kowa na kuka, wanzami ya tafi ya bar su da raɗaɗi. Sai ga wani dogon mutum ya shigo da adaka a ka. Bai ce musu sannu ba. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya harhaɗa wasu ƙarafa, ya ɗora abin a kai ya saki. "Wallahi Malam," in ji mahaucin, "har la'asar ba wanda ya tuna an yanke shi."

Wani tsohon Bafillace, abokin wasan Kawu, don mu asalinmu Barebari ne, ya zo da sandarsa ya zauna can gefe. Da zai tafi ya ce, "Wannan Babarbaren. Shekara hamsin yana ce mini zai kai ni Nguru a jirginsa, ga shi ya tafi shi kaɗai." Ya yi dariya, dariyar ba ta kai ƙarshe ba, ya ja rawaninsa ya rufe baki.

Ga wanda bai san abin da ake magana a kai ba, jirgin ƙasa ne na wasa, na gwangwani, aikin Turawan da. Kan jirgin bai wuce tafin hannu da rabi ba. Yana da taragu uku da guntayen dogo da ake haɗawa su yi da'ira mai faɗin tabarma. Akwai makulli a gefensa. In an murɗa aka ɗora shi a kan dogo, sai ya ɗauki gudu yana ƙara kamar ana tankaɗe, ya zagaya sau bakwai ko takwas, ya tsaya.

Kawu ya yi aikin reluwe yana saurayi, a wata ƙaramar tasha a hanyar Nguru. Shi ne mai riƙe tuta da juya dogo. Da wani Bature injiniya zai koma ƙasarsu aka yi gwanjon kayansa, abokan aikin Kawu wani ya sayi fitila, wani gadon ƙarfe. Kawu yana da kuɗin da ya tara don keken ɗinkin da ya yi wa mahaifiyata alkawari. Ya kwashe su ya sayi abin wasan ɗan Baturen. Mahaifiyata ba ta taɓa yafe wannan duka ba. Har ta koma ga Allah, duk ranar da ta ji ƙarar jirgin sai ta ce, "An fito da keken ɗinkina."

Dalilinsa kuwa kakata ce. Ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa ba, kuma ba ta yarda akwai ɗakuna masu tafiya a kan ƙarfe ba. A ganinta ɗanta yawon banza yake yi, ya dawo yana shirga mata labari. Ya shimfiɗa dogon a tsakar gidanta ya saki jirgin. Ta kalla har ya tsaya, ta ce a sake. Sannan ta ce, "To kai a ina kake tsayawa?" Ya ɗauki ƙwallon goruba ya ajiye dab da dogon, ya ce, "Nan." Ta daɗe tana duban ƙwallon. Sai ta miƙa hannu ta ja shi baya kaɗan, ta ce, "Nan za ka riƙa tsayawa."

Bayan ya bar reluwe ya dawo noma, amma reluwe ba ta bar bakinsa ba. In ka nemi izininsa ya yarda, sai ya ce, "Hanya a buɗe." In gardama ta yi zafi a majalisa, sai ya ɗaga hannu ya ce, "A tsaya a tasha." Ba ya makara, ba ya kuma jiran wanda ya makara. Ya taɓa barin ɗan'uwansa a bakin hanya ranar ɗaurin aure don ya tsaya neman hula. Ba zan ce mutum ne mai sauƙi ba. Yana da zafin zuciya, fushinsa kuma na shiru ne, mai daɗewa. Jirgin ba ya ba da aronsa, ba ya bari a taɓa. Amma duk lokacin sanyi, in ya ji an yi kaciya a wani gida, ko a Ajingi ne ko a Kademi, zai ɗauki adakar a ka ya tafi da ƙafa. Ba ya karɓar komai sai ruwan sha.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku. Babban ɗansa yana sayar da kayan babur a Gaya. Ƙaramin ɗansa kuwa manomi ne, yana nan Toranke. Sai auta, mace, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida da yara huɗu. Ita ta yi jinyar Kawu. Da idonsa ya tafi, ita kaɗai ya yarda ta riƙe makullin. Bayan la'asar takan haɗa dogon a gaban shimfiɗarsa ta murɗa, shi kuma ya kwanta yana saurare. In ƙarar ta sauya yakan ce, "Tarago na biyu na son mai," ta kawo man keke da gashin kaza.

Wasiyyarsa ɗaya ce, kuma a gabana ya yi ta. Ya ce kada a jefa ƙwaya ɗaya a gonarsa sai an raba, kowa ya san iyakarsa. Ya ga yadda aka yi a gidan mahaifinsa, inda aka shuka gona kafin rabo, 'yan'uwa suka yi shekaru ba sa gaisawa a kan amfanin damina ɗaya.

Bayan sadakar arba'in muka zauna a zaure. Liman ne mai rabo. Ni aka ba alƙalami, don ni ɗan mace ne, ba ni da gado a gidan, kuma ina rubutun ajami da kowa a nan zai iya karantawa. Matar Kawu da auta suna bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, muna jin su suna jin mu. Yadda ake yi, kowane abu sai an yi masa kuɗi, a haɗa jimla, a fitar da tumunin matar, wato ɗaya bisa takwas, sannan namiji ya ɗauki kashi biyu, mace ɗaya. Wanda ya ɗauki wani abu daga kayan, a rage masa kuɗinsa daga rabonsa na gona. Dillalin dabbobi ya yi wa awaki kuɗi. Tela ya yi wa riguna. Rumbu, garma, gadon ƙarfe, duk aka wuce su lafiya. Aka buɗe adaka.

Tela ya yi murmushi ya ce, "Wannan ai sai a ba jikoki."

Babban ɗan ya ce, "Kafin a ba jikoki, Liman, duba nan." Ya miƙa wayarsa. Hotuna ne na jirage irin na Kawu, a ƙasar Turawa, da kuɗinsu a rubuce a ƙasa. Ya ce ya lissafa, guda ɗaya a ciki zai sayi gonar Baba sau uku. Ya ce, "In muka yi masa kuɗin abin wasa wani ya ɗauka, mun ci haƙƙin sauran. Ni ba zan ɗauki wannan zuwa kabari ba."

Liman ya juya wayar, ya mayar masa. Ya ce, "To ka ɗauke shi a haka mana, ka bar musu gona."

"A'a. Ni ban ce ina so ba. Cewa na yi a san kuɗinsa."

Sai muka ji muryar auta daga bayan ƙofa. "Ni ina so. A ba ni shi a bakin rabona, ko nawa ne."

Na ajiye alƙalamin. Rabonta na gona shi ne abincin yaranta huɗu, ba ta da wani abin. In aka rubuta kuɗin da ke cikin wayar, ba za ta tashi da ko kunyar gona ɗaya ba. In kuma aka rubuta abin da tela ya ce, alhali wayar ce ke da gaskiya, an cuci 'yan'uwanta da hannuna. Liman ya ce ba zai raba a kan jahilci ba, a nemo wanda ya sani. Aka shafa aka tashi ba a raba ba.

A makon nan ruwa ya sauka. Ruwan shuka ne sosai, ƙasa ta sha har ta ƙoshi. Da gari ya waye duk Toranke ta fita da sungumi, gidan Kawu kaɗai ke zaune. Ƙaramin ɗan ya riƙa zuwa wurina kullum bayan sallar asuba. Ba ya zama. Ya tsaya a bakin zaure da irin gero ɗaure a gefen riga, ya ce, "Malam, an samu mutumin?" In ce tukuna. Ya ce, "Na maƙwabta ya tsiro." Washegari ya ce, "Na maƙwabta ya yi ganye uku." Wata rana na bi ta gefen gonar, na gan shi a tsugune a tsakiyarta yana murza ƙasa a hannu. Kewaye da shi ko'ina kore, gonar Kawu kaɗai ce ja. Ya ce, "Ba wanda zai sani in na shuka gefen can." Na ce, "Kai za ka sani." Ya watsar da ƙasar ya tafi bai yi mini sallama ba.

Ni ma ban zauna ba. Mun kai jirgin wurin mai gyaran agogo a Gaya, ya duba ya ce shi gyara ya sani, ba saye ba. Masu sayen gwangwan suka ɗora shi a sikeli, suka yi masa kuɗin kwano biyu na gero, babban ɗan ya kusa marin mai sikelin. Ya aika hotuna ta waya wurare da yawa. Mutum ɗaya ya amsa, shi ma cewa ya yi a fara tura masa wani abu kafin ya duba. Ruwa na biyu ya sauka, na uku ya biyo. Na koma ina jin tsoron hadari, ni da na yi shekara sittin ina roƙonsa. Na je na yi wa auta magana ta bayan zana, na ce ta janye, ta tuna yaranta. Ta ce, "Yaya Malam, shekara huɗu ina murɗa masa shi. Kana so in ji ƙararsa a gidan wani?" Na ce ai ba a cin ƙara. Ta ce ta sani, ta koma ga dakanta.

Daga ƙarshe aka haɗa mu da wani dillalin kayan da, daga Kano, wanda ke sayar wa baƙi tsofaffin takubba da tasoshin tagulla. Ya yarda ya zo Gaya ranar kasuwa in za a biya masa mota. Muka haɗu a shagon babban ɗan, aka ture kwalayen kaca aka shimfiɗa tabarma. Tsoho ne siriri mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a wuya. Ya ɗaga kan jirgin ya dubi ƙarƙashinsa, ya ce, "Na gaske ne. Ya girmi dukkanmu." Babban ɗan ya dube ni yana murmushi.

"Ina kwalinsa?" in ji dillalin.

"Gara ta cinye tun ba a haife ni ba," in ji babban ɗan.

"Wannan makullin ba nasa ba ne."

Na ce maƙerin Ajingi ne ya ƙera shi, na asalin ya ɓace a hanyar wani ƙauye.

Dillalin ya murɗa a hankali yana saurare, ya ce, "Sifirin ɗin ma, naɗaɗɗen ƙarfen da ke ciki, na agogon bango ne." Babban ɗan ya kawar da kai. Dillalin ya ɗauki tarago ɗaya ya kai shi bakin ƙofa wurin haske. Tagogin taragun duk kore ne, haka kowa ya san su. Ya sa farce ya kankare kusurwar taga ɗaya. Fentin ya ɓare, sai ga 'yar fuskar mace da hula, ba ta kai ƙwayar wake ba, tana leƙowa.

Ya ce, "Wa ya shafe mutanen?"

Ni kaɗai na sani.

Ina da shekara ashirin da 'yan kai na dawo daga karatu a gabas, gemuna ya fara fitowa, ina ganin duk garin nan ba wanda ya san addini sai ni. A lokacin kowace taga da fuskar fasinja a zane, kuma akwai ɗan mutum-mutumin direba a tsaye a kan jirgin. Kawu ya kai shi wani gidan kaciya, zaure cike da iyayen yara, na tashi a gaban kowa na ce, "Kawu, mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da siffofi. Kana yawo da su gida gida." Bai dube ni ba. Ya tsayar da jirgin da yatsa, ya kwance dogon, ya ɗauki adakarsa ya fita, yaran na kiransa. Juma'a biyu ina gaishe shi ba ya amsawa. Rana ta goma sha biyar ya aiko a kira ni. Na same shi da gwangwanin fentin da ya saya wurin mai gyaran keke, da gashin kaza a hannu, ya bi tagogin ɗaya bayan ɗaya. Direban kuwa ya cire shi da filaya ya binne a bayan rumbu. Ya ce, "Zo ka duba, malam. Fasinjoji sun sauka." Na duba. Ya ce, "Na tambayi liman, ya ce abin wasan yara ba laifi. Amma ba zan shiga gidan mutane da abin da ɗan ƙanwata ke ƙyama ba." Daga baya da na ƙara karatu na gane maganar ta fi yadda na ɗauke ta faɗi. Na yi niyyar in ba shi haƙuri sau da yawa. Kullum sai in ga ba ranar ba ce.

Na ce wa dillalin, "Marigayin ne ya shafe, amma ni na sa shi."

Ya sauya tabarau ya dube ni. Ya juya wurin babban ɗan ya ce, "Waɗanda ka gani a waya, ba a taɓa wasa da su ba. A kwali suka tsufa. Masu sayen irin wannan, abin da ba a taɓa ba suke nema. Da naku na nan yadda ya zo, da mutanensa da makullinsa, zan ce kuɗin bijimi mai kyau, ko biyu in an dace. Gona kam a'a. Yadda yake yanzu, kuɗin tunkiya. Ita ma don darajar mai shi na faɗa." Liman ya riga ya ce a sa shi ya faɗa a gaban shaidu biyu, ya faɗa, na rubuta.

A babur muka koma Toranke, babban ɗan na tuƙi, ni a baya da adaka a cinya. Shi taubashina ne, tun muna yara ba ma raga wa juna. Can ya ce, "Bawan gidanmu. Ashe kai ka cinye mana gado tun ban yi aure ba."

Na ce, "Ni fenti na sa aka yi. Sifirin fa, wa ya ci?"

Na faɗa ne da wasa, amma bai yi dariya ba. Ya rage gudu, ya ce yana ɗan shekara tara Baba ya tafi gona, ya buɗe adakar ya murɗa makullin. Bai san inda ake tsayawa ba, ya yi ta murɗawa har ya ji abu ya tsinke a ciki. Ya ce ranar kaɗai Baba ya taɓa dukansa. Bayan an gyara, Baba bai hana shi kallo ba, amma in ya matso sai ya sa ƙafa ya tare. Ya ce, "Shekara arba'in da biyar, Malam. Ban sake taɓa makullin nan ba." Sai ya ƙara wuta, iska ta hana mu magana.

Washegari da hantsi muka sake zama. Hadari ya haɗu tun safe, ƙaramin ɗan yana zaune a bakin ƙofa, ido ɗaya a kanmu ɗaya a sama. Na karanta shaidar dillali. Liman ya ce, "Kuɗin tunkiya. Wa zai ɗauka?"

Auta ta ce, "Ni." Na ji sanyi a raina, don kuɗin tunkiya ba zai taɓa gonarta sosai ba.

Babban ɗan ya ce, "Ni ma ina so."

Ƙaramin ya juyo. "Yaya, kwana goma sha tara ka hana mu shuka don a sayar. Yanzu kuma so kake?"

"Da na ɗauka dukiya ce, ta kowa ce. Yanzu da ya zama jirgin Baba kawai, ni ne babba."

Liman ya ce girma ba ya ba mutum fifiko a kan kaya. In magada biyu suka so abu ɗaya, sai a yi tayi a tsakaninsu, wanda ya fi ƙarawa daga rabonsa ya ɗauka, ƙarin ya koma cikin gado. Ba mai kuɗi a hannu, don haka da kunyoyin gona aka yi tayin.

Babban ɗan ya ce, "Na ƙara kunya biyar."

"Goma," in ji auta.

"Sha biyar."

"Talatin."

Ina ta rubutawa. Shi kashi biyu gare shi ga shago, kunya talatin ba za ta girgiza shi ba. Ita kuwa ta riga ta ba da kusan rabin abin da za ta samu. Ya ce arba'in. Daga bayan ƙofa muna jin matar Kawu na yi wa auta magana ƙasa ƙasa. Sai auta ta ce, "Duka."

Liman ya ce, "Kin san abin da kika faɗa?"

"Na sani."

Liman ya dubi babban ɗan. In ya yi shiru kawai, jirgi ya zama nata, gonarta kuma ta koma hannun sauran, shi da kaso mafi tsoka, kuma ba wanda zai ce ya saɓa shari'a. In ya ƙara, ya karɓe mata abin da ta ba da komai a kansa. Na tsoma alƙalami a tawada na riƙe shi a sama, har tawadar ta ɗiga a gefen takarda.

Babban ɗan ya ce, "Ke auta. Me za ki ba yaran?"

"Allah na nan."

"Na san Allah na nan. Me za ki zuba a tukunya?"

"Yaya, kai ka fara. Ni kuɗin tunkiya na zo biya."

Ya daɗe yana kallon adakar. Aka yi tsawa can nesa, ƙaramin ya miƙe ya sake zama. Sai babban ya ce, "Malam, goge."

Na ce, "Me zan goge?"

"Duk abin da na faɗa, tun daga biyar ɗin. Ban yi tayi ba."

Na ce, "Takarda ce fa, ba allo ba. Ba ta wankuwa."

"To ɗauki sabuwa. Aikin me kake yi mana, bawa?"

Na dubi Liman. Ya shafa gemu ya ce ba a shafa fatiha ba tukuna, mai tayi na iya janyewa, in kuma ya janye ba wanda auta ke ƙara wa, kuɗi ya koma yadda dillali ya faɗa. Na ɗauki sabuwar takarda na rubuta: jirgi da taragu uku da dogonsa da adakarsa, kuɗin tunkiya ɗaya, a rabon auta. Daga bayan ƙofa ba a ce an gode ba. Mun dai ji an ja adakar a ƙasa zuwa ciki.

Kafin la'asar an kai igiya gona an auna, an kafa duwatsu. Ruwa ya sauka muna kafa na ƙarshe. Babban ɗan bai koma Gaya ba ranar. Da safe ya ari sungumi, ya ce da ɓangaren auta za a fara. Hannunsa ya saba da sifana, kafin rana ta ɗaga tafinsa ya yi bororo ya fashe. Yana sara auta tana binsa da ƙwarya tana jefa iri tana rufewa da diddige. Nasa ɓangaren sai bayan kwana biyu aka shuka.

Geron ya makara, bai kai na maƙwabta ba. Na babban ɗan rabinsa bai yi ido ba. Auta ta ɗaure dami goma sha ɗaya, ta haɗa da waken da ta sa a tsakani, suka ci ita da yaranta har wata damina ta kewayo.

Ya Allah, bawanKa ya zo maKa, Ka fi mu sanin sa. Ka yafe masa zafin zuciyarsa, Ka lissafa masa kowane taku da ya yi da kaya a ka zuwa gidan da ake kuka. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya shi. Ka bar 'ya'yansa a kan gaisawa, Ka sa albarka a iyakokin da aka kafa. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da kalmar shahada. Amin.